Gadar Yakite da Gadon Kakanni

A shekarun nan maganar la'anar iyali ta cika bakin masu wa'azi a ikkilisiyoyinmu. Ana shirya addu'ar dare dominta, ana azumi, ana kiran mutane su fito gaba a ɗora musu hannu a kwance abin da kakanninsu suka ƙulla. Matar da ba ta sami haihuwa ba, da saurayin da ya gama makaranta ya rasa aiki, da gidan da maza suke mutuwa da ƙuruciya, duk akan ce musu akwai wani abu a jininsu. Ban raina wannan damuwa ba, gama na zauna da masu ita na ga hawayensu. Amma akwai wani gado da ya fi waɗannan kisa, wanda ban cika jin an kira addu'ar dare dominsa ba. Shi ne gadon ƙiyayya da ramuwa, wanda uba yakan miƙa wa ɗansa yana ganin ya ba shi abin kirki.

Tambayar da nake so mu yi tunani a kanta ita ce: mene ne ɗa yake gada daga zunubin ubansa, da wane makami kuma mai bi zai yaƙe shi? An ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. To, bari mu fara da hango na nesa, a wata unguwa da ke ƙasar da yawancinmu ba mu taɓa zuwa ba. In mun gane abin a can, sai mu sauko mu dubi tudun da muke tsaye a kai.

Gadar da ta zama iyaka

Bangui shi ne babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, ƙasar da take gabas da Kamaru, kudu da Chadi. In ka bar tsakiyar birnin daga bakin kogin Ubangi ka yi tafiyar kilomita 5, sai ka iske babbar kasuwa da unguwannin da suke kewaye da ita. Da wannan nisa aka sa wa wurin suna Kilomita Biyar. Tun zamanin mulkin Faransa fatake suka zauna a nan, Hausawa da Barebari da Fulani, da mutanen Chadi da Senegal da Mali. Yakite ɗaya ce daga cikin unguwannin gefen Kilomita Biyar, tana maƙwabtaka da unguwar Castors, inda yawancin mazauna Kirista ne. Akwai wata gada a wurin da ake kira da sunan Yakite. Shekara da shekaru mata suna ƙetare ta da kayan miya a ka, 'yan makaranta suna bin ta, masu haya suna ɗauko fasinja daga wannan gefe su kai wancan.

Ran 24 ga Maris 2013 ƙawancen 'yan tawaye da ake kira Seleka ya kama Bangui. Yawancin mayaƙansa Musulmi ne daga arewa maso gabashin ƙasar, da waɗansu daga Chadi da Sudan. Shugaba François Bozizé ya gudu, Michel Djotodia ya hau kujera. Aka yi watanni ana kwasar ganima ana kisa, aka washe gidaje da majami'u da tashoshin mishan. Sai samarin ƙauyuka suka tashi da adduna da bindigogin farauta, wuyansu da ƙirjinsu cike da layu, ana ce da su Anti-balaka. Ran 5 ga Disamba 2013 suka faɗa wa birnin. Seleka suka rama gida gida. Cikin 'yan kwanaki aka kashe kusan mutum 1,000, wajen mutum 100,000 kuma suka gudu suka fake a filin jirgin sama na M'Poko. Da Djotodia ya sauka a Janairu 2014, Seleka suka janye, sai fushin ya juya kan Musulmin da ba su taɓa riƙe bindiga ba, masu kanti da mahauta da makiyaya. Manyan motoci suka yi ta kwasarsu zuwa Chadi da Kamaru. Birnin da yake da Musulmi fiye da 100,000, sai ga shi kimanin 15,000 ne suka rage a takure cikin Kilomita Biyar. A Maris 2015 jakadiyar Amurka a Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da labari cewa an rushe masallatai 417 cikin 436 na ƙasar. Gadar Yakite ta zama iyaka, wanda ya ƙetare ta bai san ko zai koma gida ba.

Mai karatu, ka lura da yadda abin ya yi ta tafiya. Ran 28 ga Mayu 2014 'yan bindiga suka shiga harabar majami'ar Fatima, kusa da Kilomita Biyar, inda 'yan gudun hijira suka fake, suka kashe aƙalla mutum 15, har da wani dattijo, Fada Paul-Emile Nzale. Nan da nan samari suka je suka lalata masallacin Lakouanga, wanda yake can wata unguwa dabam. A ƙarshen Satumba 2015 aka tsinci gawar wani ɗan acaɓa Musulmi, kafin mako ya zagayo an kashe mutane da dama an ƙone gidaje a unguwannin kewaye. A Fabrairu 2017 jami'an tsaro suka kashe shugaban wata ƙungiyar masu makamai ta Kilomita Biyar, yaransa suka huce a kan Fasto Jean-Paul Sankagui suka kashe shi. Ran 1 ga Mayu 2018 aka sake kai hari majami'ar Fatima ana cikin sujada, aka kashe Fada Albert Toungoumale-Baba, wanda aka san shi da aikin sulhu tsakanin unguwannin nan, tare da masu sujada da yawa. A wannan rana taron masu fushi ya sake auka wa masallacin Lakouanga. A dukan waɗannan da wuya ka sami inda ramuwa ta faɗa kan wanda ya yi laifin. Kullum wani ne yake biya, saboda sunansa ko rigarsa ko inda yake sujada.

Tsohon miki

Ruwa ba ya tsami banza. Masu neman mulki da lu'ulu'u da zinariya ne suka hura wannan wuta, amma sun iske busasshen itace a ajiye. A ƙarni na 19 ƙasar nan wurin farautar bayi ce ga masu ƙarfi na arewa. Daga Ngaundere ta Adamawa ana aika da rundunoni cikin ƙasar Gbaya. Rabeh ya ratsa ta arewa maso gabas, bayansa Sarki Sanusi na Dar al-Kuti ya kafa birninsa a Ndele yana kama mutane yana sayarwa, har Faransawa suka kashe shi a 1911. Mu masu jin Hausa kada mu karanta wannan kamar labarin waɗansu, gama da yawa daga fataken da suke bin hanyoyin Adamawa da harshenmu suke ciniki.

Turawa ma ba su zo da sauƙi ba. Faransa ta raba ƙasar ga kamfanoni, aka tilasta wa ƙauyuka tara danƙo, ana tsare mata da yara har maza su cika ma'auni. Bayan 'yancin kai a 1960 gwamnatocin Bangui suka yi watsi da arewa maso gabas, ba hanya ba makaranta ta kirki. Musulmin da aka haifa a ƙasar yakan sha wahalar samun takardar shaida, domin ana yi masa kallon baƙo.

Saboda haka kowane gefe yana da labarin da yake ba 'ya'yansa, a cikin kowane labari kuma akwai gaskiya. Abin da ya sa yake da wuyar bari ke nan. Yaron da ya ɗauki adda a 2013 bai taɓa ganin Sanusi ba. Mai kantin da ya sara, wataƙila shi ma jikan bawa ne da aka kama. Amma an riga an koya wa yaron tun yana goye wane ne namu, wane ne nasu.

Duk da haka, a wannan ƙasa ce aka haifi Barthélemy Boganda, ɗan ƙasa na farko da ya zama Fada, a 1938, wanda ya ja ragamar neman 'yanci har ya rasu a haɗarin jirgin sama a 1959. Masu ba da tarihinsa sun ce dogaran kamfanin danƙo ne suka yi wa mahaifiyarsa dukan da ya kashe ta. Maraya ne da ya gaji miki mai zurfi. Abin da ya bar wa ƙasarsa shi ne taken nan na harshen Sango, Zo kwe zo, wato kowane mutum mutum ne. Ashe ana iya gadon abu ɗaya a bar wa 'yan baya wani dabam.

Abin da ɗa yake gada

Masu koyar da la'anar iyali sukan kafa hujja da Fitowa 20:5, inda aka yi maganar muguntar iyaye tana bin zuriya har tsara ta uku da ta huɗu. Ayar tana nan, ba mai share ta. Amma mu karanta ta har ƙarshe. Maganar a kan masu ƙin Allah take, aya ta gaba kuma ta shimfiɗa ƙaunarsa ga dubbai. Mu kuma tuna irin gidan da aka yi wa maganar. Tsara uku ko huɗu su ne mutanen da za ka iske a babban gida irin namu: kaka a zaure, uba a turaka, 'ya'ya da jikoki a tsakar gida. Abin da maigida yake bauta wa, da abin da yake ƙi, da yadda fuskarsa take yi in an ambaci maƙwabci, dukan gidan yana shaƙarsu kamar hayaƙin murhu ɗaya.

Littafin Farawa ya nuna mana wannan a gidan da Allah ya zaɓa. Ibrahim ya ji tsoro ya ce matarsa 'yar'uwarsa ce, ya kuma sake. Ishaku ya girma ya yi wa Rifkatu daidai haka a Gerar. Yakubu ya ruɗi ubansa da fatar ɗan akuya, 'ya'yansa kuma suka ruɗe shi da jinin akuya a rigar Yusufu. Ishaku ya fifita ɗa ɗaya, Yakubu ma ya fifita ɗa ɗaya. Ba boka ne ya binne musu wani abu ba. Barewa ce ta yi gudu, ɗanta bai yi rarrafe ba.

Amma alhakin fa, shi ma ana gadonsa? Shari'ar Musa ta hana a kashe ɗa saboda laifin uba, ko uba saboda laifin ɗa (Maimaitawar Shari'a 24:16). Sarki Amaziya na Yahuza, da mulki ya kafu a hannunsa, ya hukunta fadawan da suka kashe mahaifinsa, ya bar 'ya'yansu da rai saboda wannan doka (2 Sarakuna 14). A zamanin da sarki yakan share zuriyar maƙiyinsa ƙaf, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Inda aka fi warware maganar shi ne Ezekiyel 18. Yahudawan da aka kai bauta Babila suna da karin magana a kan iyaye masu cin ɗanyen inabi da 'ya'yan da haƙoransu suke mutuwa. Suna son wannan karin magana, domin yana ɗauke musu nauyi: in kakanni ne suka jawo, to, ba abin da ya rage a gare mu sai gunaguni. Ubangiji ya hana su sake faɗarsa. Ya ba da misalin mutum uku, kaka mai adalci, da ɗa mai zub da jini, da jika. Abin da aka faɗa a kan jikan nan a aya ta 14 ya cancanci mu zauna a kai. Ya ga dukan abin da ubansa ya yi, ya yi tunani, ya ƙi bin sawunsa. Ba a ɓoye masa labarin gidansu ba. Ya san shi sarai, ya auna shi da maganar Allah, ya zaɓi wata hanya, aka ce zai rayu.

Ke nan abu biyu ne, kada mu gauraya su. Tabon zunubi da koyinsa ana gadonsu: ɗan mashayi yakan tashi cikin talauci, ɗan mai duka yakan ɗaga hannu kafin ya yi tunani. Alhakin zunubi kuwa na wanda ya aikata ne. Da almajirai suka ga makaho suka tambaya ko shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, Yesu ya ƙi duka biyu (Yahaya 9). Manzo Bulus ya koya mana cewa Almasihu ya ɗauki la'ana a kan gicciye dominmu (Galatiyawa 3:13). Bitrus kuma ya ce jininsa ne ya fanshe mu daga banzar rayuwar da muka gada wurin kakanni, abin da azurfa da zinariya ba su iya ba (1 Bitrus 1:18-19). Ɗan'uwa, in kana cikin Almasihu, babu wani bashi na kakanka da ya rage wanda za ka biya da ambulan a hannun wani mai kiran kansa annabi.

Wannan albishir ne, amma yana da baki biyu. In Allah bai ɗora mini laifin kakana ba, da wane iko zan ɗora wa ɗan maƙwabcina laifin nasa kakan? Muna murna in an ce mana mun kuɓuta daga abin da iyayenmu suka yi, sa'an nan mu fita majami'a mu riƙe yaro ɗan shekara 15 da laifin abin da ya faru tun ba a haife shi ba. Wanda ya yi haka ya karɓi rabin Ezekiyel 18 ya yar da rabi.

Wane ne magabcin?

Bulus ya rubuta wa Afisawa yana ɗaure da sarƙa. Yana ganin sojan Roma kowace rana, ya san hannun da ya ɗaure shi. Duk da haka ya ce kokawarmu ba da 'yan adam take ba, da ikokin duhu take (Afisawa 6:12). Yaƙin ruhu gaskiya ne. Shaiɗan yana nan, yana aiki. Inda akwai tsafi a gida, ko laya, ko alkawarin bori, wajibi ne mai bi ya rabu da su a fili, kamar yadda mutanen Afisa suka ƙone littattafan sihirinsu (Ayyukan Manzanni 19:19). Amma soja in bai san magabcinsa ba, ɗan'uwansa zai harbe.

Ubangijinmu ya bayyana Iblis da abu biyu, kisa da ƙarya (Yahaya 8:44). Ƙaryar ce take riga zuwa. Kafin a ɗaga adda sai an fara cewa dukansu ɗaya ne, ba na kirki a cikinsu, in ba mu riga su ba za su riga mu. Bulus ya gargaɗe mu kada fushi ya kwana da mu, domin fushin da ya kwana yana ba Iblis wurin zama (Afisawa 4:26-27). In fushin dare ɗaya yana ba shi tabarma, fushin shekara 100 da ake miƙawa daga kaka zuwa jika ai gida ne aka gina masa da katanga. A wani wuri kuma manzon ya ce yana gafartawa ne domin kada Shaiɗan ya ci ribarmu (2 Korantiyawa 2:10-11). Wato gafara makami ce, rashin gafara kuwa dabara ce ta magabci.

Gidajen rediyo na duniya sun yi ta kiran Anti-balaka mayaƙan Kirista. Shugabannin ikkilisiya na ƙasar sun ƙi wannan suna, sun kuwa yi daidai. Mutumin da ya rataya gicciye da laya a wuya ɗaya, ya tafi kashe maƙwabcinsa, an riga an ci shi da yaƙi tun bai bar gida ba. Yana ganin yana yaƙar duhu, alhali ya zama ɗan aikensa.

Akwai wata hanya kuma da ake kuskuren magabci. A wannan ƙasa doka tana hukunta maita, mata da yawa da aka tsare a kurkukun mata na Bimbo, kusa da Bangui, da wannan zargi aka kai su. Mu ma mun san irin wannan. An ce wa mace gwaggonta ta ƙauye ce ta ɗaure mata mahaifa, sai zumunci ya tsinke, a bar tsohuwa ba mai kai mata hatsi. An je karya la'ana, an komo da sabuwar ƙiyayyar da 'ya'ya za su gada. Sa'ad da Yakubu da Yahaya suka nemi izinin kiran wuta a kan wani ƙauyen Samariyawa, gabar da ke tsakanin kabilun biyu ta ɗaruruwan shekaru ce. Yesu ya juya ya tsauta wa almajiransa (Luka 9:54-55). Ya kamata masu addu'ar wuta a kan maƙiya su tuna wa aka tsauta wa a ranar.

Masu tsinke sarƙa

Cikin kayan yaƙin da Bulus ya lissafta akwai takalmi, shi ne shirin kai bisharar salama. Takalmi na tafiya ne. A Bangui an sami masu sa shi.

Tun kafin abin ya kai ga muni, shugabanni uku suka haɗa kai: Akbishop Dieudonné Nzapalainga na Katolika, da Fasto Nicolas Guerekoyame-Gbangou na ƙungiyar ikkilisiyoyin bishara, da Liman Omar Kobine Layama. Suka yi ta zagaya garuruwa tare suna faɗa wa mutane kada su yarda a mai da rikicin yaƙin addini. A Disamba 2013 da ran limamin ya shiga haɗari, akbishop ya ɗauke shi da iyalinsa ya ajiye su a gidansa watanni. A garin Bossemptele wani Fada ɗan ƙasar Togo, Bernard Kinvi, ya ɓoye ɗaruruwan Musulmi a asibitin mishan a farkon 2014, bayan shi kansa ya sha barazanar Seleka. Ran 30 ga Nuwamba 2015 Paparoma Francis ya shiga Kilomita Biyar har babban masallaci, a lokacin da mutanen unguwar ba sa iya fita. Ko ɗarikarmu ta bambanta da ta waɗansu daga cikin mutanen nan, sai mu ba gaskiya haƙƙinta.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne na talakawa. Maƙabartar Musulmin Kilomita Biyar tana unguwar Boeing, wajen filin jirgin sama, inda Anti-balaka suke da ƙarfi. An yi fiye da shekara biyu ba a iya kai gawa can. A Fabrairu 2016 mutanen unguwannin biyu suka ƙulla yarjejeniya aka buɗe hanya. Ka yi tunanin macen da aka kashe mata miji tana tsaye a ƙofar gidanta, makara tana wucewa, ta hana ɗanta ɗaukar dutse. A Maris 2019 kuma mutanen Yakite da na Castors suka sa hannu a kan alkawarin zaman maƙwabtaka. Wannan bai kawo ƙarshen wahalar Kilomita Biyar ba, gama a Disamba na shekarar an yi mummunan faɗa tsakanin 'yan kasuwa da ƙungiyoyin masu makamai da suke karɓar haraji a hannunsu. Sarƙar da aka daɗe ana ƙerawa ba ta tsinkewa rana ɗaya. Amma kowane zobe da aka cire ya rage abin da jikoki za su ja.

To, ina adalci?

Wani zai ce, malam, kana magana ne daga inuwa. Wanda aka yanka ɗansa a gabansa, ka ce ya gafarta, mai kisan kuwa yana yawo a kasuwa? Wannan tambaya ce mai nauyi, ba zan amsa ta da sauri ba. Jinin Habila ya yi kuka, Allah kuwa ya ji. Yusufu da ya gafarta wa 'yan'uwansa bai ce ba su yi kome ba, ya kira abin da suka yi mugunta a gabansu (Farawa 50:20). Gafarar da ta hana a faɗi gaskiya tana rufe miki ne da ƙazanta a ciki.

Bulus ya hana mu ramuwa a Romawa 12, a sura ta 13 kuma ya ce an ba hukuma takobi domin masu mugunta. Saboda haka mai bi yana da iko ya kai ƙara, ya ba da shaida, ya matsa wa hukuma ta yi aikinta. A Bangui an kafa kotu ta musamman bisa dokar 2015, ta yanke hukuncinta na farko a 2022. A Yuli 2025 kotun duniya da ke birnin Hague ta ɗaure shugabannin Anti-balaka biyu, Alfred Yekatom shekara 15, Patrice-Edouard Ngaïssona shekara 12. An yi jinkiri ƙwarai, da yawa kuma ba a taɓa su ba. Amma ka ga bambancin: kotu tana kiran sunan mutum ɗaya ta tuhume shi da abin da hannunsa ya yi, ramuwa kuwa sunan kabila take kira. Hanyar farko ta Amaziya ce. Ta biyu ta Lamek ce, ɗaya daga zuriyar Kayinu, wanda ya yi fariyar ramawa har sau 77. Wannan lissafi nasa ne Yesu ya juyar, ya mai da shi lissafin gafara sa'ad da Bitrus ya tambaye shi (Matiyu 18:22).

Tsaron gida ma ba a hana ba, Nehemiya ya sa masu gadi a kan garu. Amma wanda ya tsare ƙofarsa da dare dabam yake da wanda gari ya waye ya tafi wata unguwa neman wanda zai huce a kansa.

Mu dawo gida

Yanzu mu dubi namu tudun. Kafanchan 1987, Kano 1991, Zangon Kataf 1992, Kaduna 2000, Jos 2001, Damagaram da Yamai 2015. Babu mai karanta wannan da bai san wani da ya rasu ko majami'ar da aka ƙone ba. Kogin Kaduna ma ya zama iyaka bayan 2000, mutane suka yi ta ƙaura kowa ya koma gefen nasa. Yaran da aka haifa a shekarun nan yanzu su ne iyaye. Me muka ba su?

Hausawa sun ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Gaskiya ne in gona ce ko sana'a ko tsoron Allah. Amma akwai kayan da ɗa nagari yakan duba a ɗakin ubansa ya ce, wannan ba zan ɗauka ba. James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa. Daga 1995 suka fara zama tare, fasto da liman, har suka yi shekaru suna sulhunta garuruwa. A Yuni 2018 Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ya ɓoye Kirista fiye da 200 a masallacinsa da gidansa. 'Ya'yanmu sun san sunayen garuruwan da aka kashe mu. Sun san sunan wannan dattijo?

Ga inda zan roƙe mu mu fara. Mu furta zunubin gidanmu, kamar yadda Nehemiya da Daniyel suka yi, suna cewa mu da kakanninmu. Furta laifin waɗansu ba tuba ba ce. A rikice-rikicen nan akwai jinin da masu amsa sunan Almasihu suka zubar, dattawanmu sun sani. Sa'an nan mu kula da hirar dare. Mu faɗa wa yara gaskiyar abin da ya faru, gama jikan Ezekiyel sai da ya gani kafin ya yi tunani. Amma mu faɗe ta duka: wanda ya ƙone gidan, da wanda ya buɗe mana ƙofar bayansa muka tsira. Mu daina kiran kabila da laifin mutum ɗaya a gaban 'ya'yanmu. A addu'ar iyali mu ambaci maƙwabcin da muke jin zafinsa, mu roƙa masa alheri, yara suna ji. In an yi masa rasuwa mu sa takalmi mu je gaisuwa, mu tafi da ɗanmu. In kuwa za mu kira addu'ar dare domin karya abin da muka gada, mu sa wannan a kan gaba.

Ya Ubangiji, kai da ka fanshe mu da jinin Ɗanka, ka ba mu idon da zai ga zunubin gidanmu, da zuciyar da za ta ƙi shi. Ka ta'azantar da gwauraye da marayun Yakite da Castors, da na garuruwanmu. Ka ba masu mulki tsoronka su yi shari'ar gaskiya. Ka tsare bakinmu a gaban 'ya'yanmu, domin abin da ya iso gare mu ya tsaya a kanmu. Cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.